Jirgin Nomau Mai Shugabanni Uku

Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya gyara zama.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

An yi wani mai fito, sunansa Nomau. Gidansa yana bakin wani babban kogi, daidai inda fatake suke ƙetarewa zuwa kasuwar tsallake. Jirginsa ɗaya ne, ma'aikatansa huɗu. Dorina ce mai tura jirgi. Zalɓe ne mai tsayawa a goshin jirgi yana duba hanya, ya ce a bi nan, kar a bi can. Biri ne mai lodi, shi ya san inda za a ajiye buhu jirgi bai karkace ba. Sai tsohuwa Kififiya, wadda kowace safiya take nutsawa ƙarƙashin jirgi tana shafa katako. In ta ji tsaga, sai ta toshe da tsumma da ƙaro.

Shi kuwa Nomau kullum yana bakin gaɓa, wandonsa a naɗe. Wanda ya ga matsala sai ya ɗaga murya ya ce, "Maigida, ga abu kaza." Nomau ya ce a yi kaza. Shi ke nan. Shekara bakwai suna haka, ko buhu ɗaya bai taɓa jiƙewa ba.

Aiki ya bunƙasa. Nomau ya sa aka haɗa masa babban jirgi, ya jingine ƙaramin, ya ɗauki kwaɗi masu yawa don su taimaka.

Ana nan sai ga Kurege ya zo baƙunta. Ya zauna a gindin bishiya kwana uku yana kallo. Rana ta huɗu ya je ya durƙusa gaban Nomau.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, na zaga ƙasashe, na ga manyan gidajen fito. Ban taɓa ganin inda mai jirgi yake shiga taɓo da ƙafarsa ba sai nan."

Nomau ya dubi ƙafafunsa, ya ga taɓo har gwiwa. Kunya ta kama shi. Ya ce, "To, yaya ake yi a can?"

Kurege ya ce, "Naɗi ake yi. Wanda ya fi kowa iya aiki, a ba shi rawani ya zauna."

Aka yi naɗi. Dorina ta zama Magajiyar Turi. Zalɓe ya zama Sarkin Hanya. Biri ya zama Sarkin Kaya. Aka shimfiɗa wa kowa buzu a inuwa. Da yake mai rawani ba ya shiga ruwa, sai turi da duba hanya da lodi duk suka koma hannun kwaɗi. Ba wanda ya koya musu. Ba kuma wanda ya ce wannan kwaɗo na wane ne, wancan na wane ne.

Kififiya ta ɗago kai daga ruwa ta ce, "Ni fa, a ƙarƙashin wa nake?"

Kurege ya ce, "Inna, ai ke ta kowa ce."

Nomau ya ce wa Kurege, "Kai wane rawani kake so?"

Kurege ya ce, "Ni ba na son rawani, ranka ya daɗe. A bar ni in riƙa kai magana kawai."

Aka gina wa Nomau rumfa a kan tudu, aka sa masa kujera. Aka kafa doka guda biyu. Ba mai hawa tudu sai Kurege. Ba a canza komai sai da izinin Nomau. Kullum da hantsi Kurege ya hau ya ce, "Lafiya lau, Maigida, jirgi na tafiya." Nomau ya ji daɗi, ya ba shi gyaɗa cike da hannu. Fatake ma da suka gane ta hannunsa ake bi, kowa ya zo sai ya ajiye masa ɗan abin taɓawa don a sa shi a sahun farko.

A bakin ruwa kuwa, Dorina ta ce wa kwaɗi, "Ku tura." Zalɓe ya ce, "Ku dakata, ban duba hanya ba." Biri ya ce, "Ku dawo, akwai sauran kaya." Kwaɗi su tura, su tsaya, su dawo. Har suka yi waƙa, suna yi suna iyo:

Wannan ya ce mu je,
Wancan ya ce mu tsaya,
Na uku ya ce mu dawo,
Mu dai ruwa muke sha.

Ƙetarewar da a da ake yi kafin a gama tauna goro, yanzu sai ta cinye hantsi guda.

Wata safiya Kififiya ta nutsa, ta ji tsaga a cikin jirgi, tsawonta kamar ɗan yatsa. Ƙaronta ya ƙare. Aikin kuma sai an jawo jirgi gaɓa ya yini ya bushe.

Ta je wurin Dorina ta ce, "Magajiya, jirgi ya tsage."

Dorina ta ce, "Ni turi aka ba ni. Tsaga ba ɓangarena ba ne. Je ki wurin Sarkin Hanya."

Ta je wurin Zalɓe. Ya ce, "Ni hanya aka ba ni. Tsaga ba ɓangarena ba ne. Je ki wurin Sarkin Kaya."

Ta je wurin Biri. Ya ce, "Ni kaya aka ba ni. Tsaga ba ɓangarena ba ne. Gaya wa Kurege ya kai sama."

Ta gaya wa Kurege. Kurege ya kama hanyar tudu yana tunani. In jirgi ya yini a gaɓa, ba fatake, ba abin taɓawa. Kuma shi ya kawo wannan tsari, bai kamata a ce a tsarinsa jirgi ya tsage ba. Da ya isa sai ya ce, "Lafiya lau, Maigida, jirgi na tafiya." Ya karɓi gyaɗarsa, ya sauko, ya ce wa Kififiya, "Maigida ya ce ya ji."

Bayan kwana bakwai tsaga ta kai tafin hannu. Kififiya ta tura ciyawa ta danne, ta sake zagaya buzaye ukun nan. Ba ɓangarena ba ne, ba ɓangarena ba ne, ba ɓangarena ba ne. Kurege ya hau ya ce lafiya lau, ya sauko ya ce Maigida ya ji.

Bayan wasu kwana bakwai, Kififiya ta sa kanta a wurin, kan ya shige. Wannan karon ba ta je wurin kowa ba. Ta fito daga ruwa ta kama hawan tudu da kanta. Kun san tafiyar kififiya a kan ƙasa. Tun safe take ja, sai azahar ta isa. Ta tarar da Kurege a bakin rumfa.

Ya ce, "Inna, ina za ki? Kin manta doka?"

Ta ce, "Ban manta ba. Ɗana, jirgin nan ba zai ɗauki kayan ranar kasuwa ba. Bar ni in gaya masa da bakina."

Ya ce, "Maigida na taro da manya. Ba a shiga."

Da gaske kuwa taro ake yi. Shugabannin nan uku suna ciki, ana shawarar wa ya kamata ya zauna a hannun daman Nomau in an yi baƙi. Kififiya ta jira har la'asar, ba a gama ba. Ta juya ta gangaro.

Ranar kasuwa ta zo. Cikin fatake akwai wata mai fataucin gishiri, sunanta Ladingo. Wata biyu ta yi a hanya daga arewa, kuma duk abin da ta mallaka yana cikin buhunan nan. Tana tsaye ana lodi sai ta ji murya daga ƙasa.

Kififiya ce. Ta ce, "'Yar nan, kar ki sa gishiri a jirgin nan. A ɓule yake."

Ladingo ta juya ta tambayi Kurege. Ya yi dariya ya ce, "Tsufa ne, baiwar Allah. Kullum haka take faɗa. Jiya ma ba mu ƙetare lafiya ba?"

Biri daga kan buzunsa ya ce, "A loda duka."

Aka loda duka. Mutane suka shiga, kwaɗi suka tura. Ana isa tsakiyar kogi ciyawar da aka danne ta fice. Ruwa ya fara shigowa, ya rufe idon sawu, ya kama hanyar gwiwa. Gaɓar da aka baro ta fi kusa. Da an juya a lokacin, da an kai.

Kwaɗi suka ɗaga murya suka ce, "Mu koma ko mu ci gaba?"

Dorina ta ce, "Juyawa maganar hanya ce. Ku tambayi Sarkin Hanya."

Zalɓe ya ce, "Hanyar zuwa aka ba ni. Komawa daga tsakiya sai da izini."

Kwaɗi suka ce, "To mu rage kaya?"

Biri ya ce, "Zubar da kayan mutane sai Maigida ya ce."

Kurege ya sheƙa tudu da gudu. Ya isa yana haki. Nomau ya dube shi ya ce, "Yaya dai?" Kurege ya buɗe baki, ya ga fuskar Nomau, sai tsoro ya kama shi. Ya ce, "Lafiya lau, Maigida, jirgi na tafiya."

Amma iska ta kawo kukan mutane har cikin rumfa. Nomau ya tashi ya leƙa. Ya ga jirginsa saura gefe kawai a waje. Ya gangaro ba takalmi, ya shiga taɓo, ya ce, "Dorina, shiga ruwa. Zalɓe, tashi ka nuna mata inda suke. Biri, kawo igiya."

Dorina ta yar da rawani ta faɗa kogi. Zama ya sa ta yi nauyi, numfashinta ya rage, amma ta isa. Ta riƙa ɗauko mutane a bayanta, biyu-biyu, uku-uku, har ta kwashe su. Ba wanda ya mutu. Jirgi ya nutse. Gishirin Ladingo ya narke, sai buhunan banza aka tsamo.

Ladingo ta zauna a kan yashi tana matse zanenta. Ba ta yi kuka ba. Ta dubi masu rawani ta ce, "Wane ne shugaban jirgin nan?"

Su uku suka ce, "Ni ne."

Ta ce, "To a cikinku wa yake da ikon cewa a juya?"

Suka shiga kallon juna.

Nomau ya ce, "Me ya sa ba a gaya mini jirgi ya ɓule ba?"

Kififiya ta ce, "Sau uku na faɗa, Maigida. Sau biyu na aika. Na uku na hau da ƙafata, aka ce kana taro."

Nomau ya juya kan Kurege. Kurege ya ce, "Ranka ya daɗe, in na ce lafiya lau kana ba ni gyaɗa. Ba ka taɓa tambayata wani abu bayan wannan ba."

Nomau ya dubi buhunan banzan nan. Sannan ya sa aka kwance sansa na noma, shi kaɗai gare shi, aka miƙa wa Ladingo. Ta karɓi igiya, ta ce, "Allah ya kyauta," ta tafi. Ba ta ƙara bin wannan hanya ba.

Washegari aka rushe rumfar tudu. Aka naɗe buzaye. Aka jawo tsohon ƙaramin jirgi aka gyara. Nomau ya tara su ya ce, "Dorina, koma turi. Biri, koma lodi, ka koya wa kwaɗi. Zalɓe, kai ne shugaban jirgi, kai kaɗai, kuma a cikinsa za ka tsaya. In ka ga a juya, a juya, kar ka jira ni. Wanda ya ga matsala ya faɗa mini da bakinsa." Ya dubi Kurege ya ce, "Kai kuma, tunda kai ne mai cewa jirgi lafiya lau, daga yau a cikinsa za ka zauna. Ga ƙwarya, ka riƙa kwashe ruwa."

Kurege bai iya iyo ba. Rana ta farko ya yi ta kwarfar ruwa. Rana ta biyu ya ce wa Zalɓe ya ji kamar katako na motsi, a duba. Rana ta uku, jirgi na taɓa gaɓar tsallake, ya yi tsalle ya shige daji. Ya yi ta gudu sai da ya daina jin ƙarar kogi, sannan ya haƙa rami ya shiga. Shi ya sa har yau a kan tudu kuke ganin ramin kurege.

Nomau ya nemi Kififiya ya ce, "Inna, zo ki duba mana jirgi."

Ta ce, "Na duba, Maigida, ƙalau yake. Amma ni na tashi. Akwai wani mai fito a can sama da ya ce in zo. Shi har yanzu a bakin ruwa yake tsayawa."

Ya roƙe ta, ta ƙi. Ta nutsa ta tafi. Da fatake suka ji inda ta koma, da yawa suka bi ta can. Nomau ya ci gaba da fito da ƙaramin jirginsa. Aiki ya daidaita, amma bai sake haɗa babban jirgi ba har ya tsufa.

To yara, in Allah ya ba ku abin yi har kuka ɗauki mutane, kowa ya san wa yake bi, mutum ɗaya. Wanda yake wurin aiki a bar masa ikon yanke shawara. Kar ku cire gwani daga abin da ya iya don kawai ku ba shi girma. Kuma kar ku yarda labari ya riƙa zuwa muku ta baki guda.

Ƙurunƙus, kan kurege. Iyakarta ke nan, kowa ya ɗauki tabarmarsa.