Sunan Wa Za a Raɗa wa Ɗan Haladu?

Ku matso, akwai gardamar da nake so ku raba mini.

A Rafin Ɗinya titi ɗaya ne ya ratsa kasuwa ya kai asibiti. Ranar Laraba, da kasuwa ke ci, manyan motoci kan toshe shi tun hantsi har la'asar. Mata biyu sun taɓa rasuwa a cikin cunkoson suna naƙuda.

Malam Ukasha, tsohon ma'aikacin safiyo, ya yi Laraba goma sha biyu a bakin titin yana ƙirga motoci. Sannan ya kai wa ƙaramar hukuma shawara: duk babbar motar da za ta shiga tsakiyar gari ranar kasuwa ta biya kuɗi mai tsoka, wadda ta sauke kaya a bayan gari kuwa ba ruwanta. Direbobi suka daina gaishe shi, amma doka ta zauna.

Sallau aka ba wa tsaron shingen shiga gari. Wata Laraba da safe surukinsa ya iso da tirela maƙil da albasa, ya ce, "Ɗaga mini sandar nan, yaro, ni ba baƙo ba ne." Sallau ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, a gafarce ni, ko a biya ko a juya." Tsohon ya juya yana cewa ya yi asarar 'ya. A bayansa akwai motoci shida suna jiran a ɗaga masa su bi sahu. Su ma suka juya.

Tanimu kuwa ya fi kowa zagin dokar. Ita ta sa ya sayar da akori-kurarsa ya sayi a-daidaita-sahu, yana kwasar kaya daga bayan gari zuwa kasuwa. A safiyar nan yana ɗauke da albasar surukin Sallau, sai Haladu mai gyaran rediyo ya tare shi a guje: matarsa Hanne na naƙuda, jini ya ɓalle mata. Direbobi biyu sun riga sun wuce shi. Tanimu ya zubar da buhunan a gefen titi, ya ɗauke ta. Titi fayau. Minti bakwai suka isa asibiti, yana tuƙi yana mitar dokar Ukasha.

Likita ta ce da sun ƙara rabin awa, da an rasa uwa da ɗa.

Haladu ya yi alkawari zai yi wa wanda ya ceci iyalinsa takwara. Gobe ne suna. Rago na ɗaure, an raba goro, liman ya aiko sau biyu yana tambayar sunan da zai raɗa. Jaririn ɗaya ne, sunan yanka kuma ɗaya.

To, tsakanin wanda ya ƙirƙiro dokar, da wanda ya tsare ta a gaban surukinsa, da wanda ya tsane ta amma ya zubar da kayansa ya ɗauki Hanne, wa ya fi cancanta a kira yaron da sunansa?