Sarkin da Ya Hana Zanen Suna

A zamanin da, an yi wani sarki mai suna Jatau, wanda annoba ta kwashe masa 'ya'ya bakwai a damina ɗaya. Bai yi kuka ba. Zama kawai yake yi, a kawo tuwo, ya huce, a ɗauke.

Rannan ya sa Malam Barmo, mai bugun ƙasa na fada, ya duba masa makomar waɗanda ba a haifa ba tukuna. Malam ya zana ƙasa a faifai, ya ce yunwa ce da makoki. Sai aka yi shela: ba ɗaurin aure, ba zanen suna, ungozomar da ta sake yanke cibi kuma a kore ta daga gari. Hujjar sarki ita ce, wanda bai zo duniya ba, ba a cuce shi ba.

To, ina ruwan naƙuda da shela! Ba a yi mako ba dogarai suka kamo wata tsohuwar ungozoma, Tabawa, rungume da jariri, uwarsa ta rasu wajen haihuwa. In an kore ta, a daji ɗan zai ƙare.

Waziri Sambo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya roƙi a duba jaririn kafin hukunci. Malam ya zana, ya ce yunwa za ta kashe shi, sannan ya shafe ƙasar da tafin hannu yadda ya saba. Waziri ya ce a sake. Wannan karon ƙasa ta nuna madugun fatake zai zama. Na uku kuwa, manomi mai jikoki ashirin.

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wanne cikin ukun nan muke tsare wa wahala?"



Tabawa ta ce, "Ranka ya daɗe, ni na yanke cibin 'ya'yan nan naka bakwai. Ina tsaye malamin nan ya ce duk za su yi furfura."

Sarki ya daɗe yana kallon faifan. Can ya ce a janye doka, a sallami tsohuwa, Malam ya je ya zubar da ƙasarsa a gona.

Kada ku ce zuciyarsa ta warke, ba ta warke ba. Amma ran sunan jaririn shi ya aika da rago, da zanen goyon marigayi autansa.