Binne a Faifan Sarkin Aljanu

Masu riƙe da labaran mazan jiya sun ce, a wani zamani da ya shuɗe, an yi sarki mai suna Nu'umanu a Birnin Sarmada, yana da ɗa tilo, Zuhairu, jarumin da in ya zare takobi maza ke tuna hanyar gida. A fadar akwai tsohon masanin taurari, Malam Hazƙilu, wanda ya daɗe yana amfanar jama'a: shi ke cewa bana fara na tafe, a shirya, kogi zai yi ambaliya, a janye bukkoki. Yakan dace, yakan kuma kuskure, ba wanda ya taɓa riƙe shi da laifi.

Wata shekara Malam ya faɗi gaban sarki ya ce, "Ranka ya daɗe, na ga alamun fari. Alamu ne dai, sani na Allah ne." Tsoro ya kama sarki, ya aika wa Zarmaƙanu, sarkin aljanun Dutsen Baƙin Yashi, mai faifan duba wanda aka ce bai taɓa ƙarya ba. Amsa ta dawo gajeriya: "Na ga rumbunan Sarmada wayam, ƙofofinta a buɗe, ba mai shiga."

To, kun san halin mutane! Kafin a ce haka, kowa ya ce tunda ba za a girbe ba, shukar me? Aka sauke irin da aka rataye a rufin ɗaki, aka daka, aka yi fura. Ba abin da ya rage sai babban rumbun iri na fada, shi ma jama'a suka kewaye shi suna kukan a raba musu su ci.

Zuhairu ya durƙusa gaban mahaifinsa ya ce, "Allah ya ja zamaninka, a ba ni izini in je in ga faifan nan da idona." Sarki ya ce, "Je ka. Amma ranar da gawon ƙofar fada ya fara zubar da ganye, alamar damina ta ƙarato, in ba ka dawo ba zan fasa rumbun, domin ba zan iya kallon yunwarsu ba." Ya debo gero cikin tafinsa daga rumbun, ya ƙulle masa a bakin rawani.

Jarumi ya keta sahara mai narka kofaton doki, ya wuce kwarin macizai masu ƙaho, da birnin matsafa inda ake sayar da iska a cikin gora, da tafkin da kifayensa ke kiran matafiyi da sunan uwarsa, har ya iso wasu gonaki masu faɗi a gefen wani kango. Rana tsaka ce, sai ya ja linzami ya tsaya. Mutane ne zaune a kan kunya, kowa da fartanya a cinya, ga su nan amma ba su da inuwa. Wani tsoho mai rawanin sarauta ya ɗago ido ya ce, "Samari, ruwan ya zo?" Sai duk gonar ta ɗauka, murya kamar ta cikin rijiya, "Ruwan ya zo?" Zuhairu, wanda bai taɓa gudun maza ba, wallahi a nan ya sakar wa doki linzami.

A ƙofar kogon Zarmaƙanu ya tarar da wata budurwa tana tankaɗe baƙin yashi da rariya. Da ya faɗa mata ko shi wane ne da abin da ya gani a hanya, ta ce sunanta Sulaima, 'yar sarkin kangon nan ce, aljanin ya ɗauke ta don ta riƙa share masa faifai bayan kowane duba. "Tsohon da ya tambaye ka mahaifina ne," in ji ta. "Abin da aka faɗa muku shi aka faɗa mana. Muka cinye iri. Ruwa ya makara, amma ya zo, ya tarar ba ƙwaya ɗaya da za a sa a ƙasa, yunwa ta kashe su suna jira. Ya kai ɗan sarki, faifan nan sawun da aka riga aka taka yake karantawa, ya ce ga inda tafiya ta nufa. Abin da ba a taɓa yi ba, bai san shi ba."

Zarmaƙanu ya fito, kansa na gogar rufin kogo, faifai a gabansa, faɗinsa ya kai masussuka. Ya yi dariya ya ce, "Ya kai ɗan Nu'umanu, na ga zuwanka tun kana ƙofar gidanku, na kuma ga kushewarka. Sarakuna sun zo gabaninka da rundunoni, ga ƙasusuwansu can."

Zuhairu ya ce, "Ya kai tsohon aljani, ka ga rumbu wayam, amma ka ga hannun da ya kwashe shi? Maganarka ce ta cinye birnin yarinyar nan, ba fari ba."

Suka kacame. Duk saran da Zuhairu zai kai, aljanin ya duba faifai ya faɗe shi kafin ya taso: "Dama! Hagu! Suka!" Domin ya ga dubban jarumai, kuma duk hanyar saransu ɗaya ce. Jini ya rufe wa Zuhairu ido, gwiwarsa ta kai ƙasa a bakin faifan, ya ji mutuwa na shinshinar ƙeyarsa. Sai ƙullin bakin rawaninsa ya taɓa masa kunci.

Ya ajiye takobi. Ya kwance geron mahaifinsa, ya tona rami da yatsa a tsakiyar yashin duba, ya zuba, ya rufe da diddige, kamar yadda manoman Sarmada ke yin binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. Tun da aka halicci faifan ba a taɓa shuka a cikinsa ba. Zane-zanen suka rikice, suka watse. Zarmaƙanu ya sunkuya yana lalube, yana ihu, "Me zai biyo baya? Me zai biyo baya?" Abin da ya biyo baya takobi ne.

Zuhairu ya ɗauko Sulaima suka yi ta sukuwa. Ranar da suka shiga Sarmada, ganyen gawo na zuba a ƙofar fada, an riga an kafa tsani a jikin rumbu. Ya hau tsanin da raunukansa ya ce, "Jama'a, wanda zai ci irin nan sai ya fara da ni!" Ya ba su labarin mutanen kan kunya. Sa'an nan ya juya ga Malam Hazƙilu ya ce, "Baba Malam, har yanzu kana ganin fari?"

Tsoho ya ce, "Ina gani, ɗana, ban janye ba. Saboda haka a bar dawa bana, a binne gero mai saurin nuna, a kuma fi ba fadama ƙarfi. Don wannan na faɗa tun farko, ba don a nannaɗe hannu ba."

Aka yi binne. Ruwa ya makara har wasu suka fara zagin Zuhairu a fili, wani irin ma ya lalace a ƙasa. Daga baya ya sauka, ɗan kaɗan. An sha wuya a shekarar, an rasa tsofaffi, cikinsu har da Sarki Nu'umanu, amma birni ya rayu. Bayan girbi aka naɗa Zuhairu, aka ɗaura masa aure da Sulaima, aka yi kiɗa daidai ƙarfin mutanen da suka ga yunwa.

Sun daɗe suna mulki cikin adalci. Sai dai duk shekara, ranar ruwan farko, Sarki Zuhairu kan nemi matarsa ya rasa, sai ya same ta a kan ganuwa, ta fuskanci gabas inda kangon yake, jiƙe sharkaf, tana magana da wanda ba a gani.

"Ya zo, Baba," take cewa. "Tun a waccan shekarar ya zo."