Fentin da Babu Shi a Taswira

Akwai wata tela mai suna Pania Rikihana a wani ƙaramin gari na bakin teku a New Zealand. Mace ce da tambaya ba ta kwana a ranta. Ko gyaran riga aka kawo mata, sai ta juya cikinta ta ga yadda telan farko ya yi kafin ta sa almakashi.

Wata Juma'a da rana ta ajiye mota a gefen titi, ita da ƙanwarta Ngaire, suka shiga sayen kifi da soyayyen dankali. Minti goma suka yi. Da suka fito, ga takardar tara maƙale a gilashi: dala arba'in, wai ta tsaya a kan layin rawaya mai hana tsayawa.

Ta duba, lallai tayarta ta baya na kan layin. Amma da ta sunkuya sai ta ga wani abu. Layin guntu-guntu ne kamar yadda aka saba, sai dai guntaye ukun ƙarshe sun fi sauran duhu, gefensu a karkace, har sawun gashin burushi ana gani. Ta ciro tef ɗin awo daga jaka. Kowanne ya gaza sauran da yatsa huɗu.

"Yaya, kifi na hucewa," in ji Ngaire. "Ki biya ki huta mana. Kin tsuguna kina auna titi kamar za ki ɗinka masa siket."

"Ba kuɗin ne ya dame ni ba. Wa ya yi wannan fentin?"

Ranar Litinin ta je ofishin ƙaramar hukuma ta nemi ganin taswirar titin. Ma'aikaciyar ta juyo mata kwamfuta. A taswira, layin ya ƙare ne daidai turken fitila. Guntayen nan uku babu su.

"Ai kin ci nasara," in ji ma'aikaciyar. "Ki rubuto koke da hoto. Za a soke tarar, a goge fentin, wanda ya yi kuma zai sha tambaya."

Da wata ce, a nan take za ta rubuta. Pania kuwa ta koma titin. Ta tambayi mai kifi, sai ya nuna mata gidan da ke gaban fentin da haɓarsa.

A ƙofar gidan ta sami wani tsoho da unguwa ke kira Koro Eruera, yana ban ruwan shuka. Bayan sun gaisa idonta ya sauka kan takalminsa na roba. Ɗigon fenti rawaya ne a kai.

"Koro, aikinka ne wancan?"

Ya kalli titi, ya kalle ta. "Shekara talatin ina fentin gidaje. Ban zaci za a gane ba."

"Gefen ya karkace."

"Hannun ne ya fara rawa, 'yata." Ya kashe famfo. "Ke aka yanka wa tara?"

Ta gyaɗa kai. Ya ce ta shigo.

A falo ta ga matarsa Huia zaune a keken guragu. Koro ya ba ta labari. Gidansu a kan kwana yake. Idan mota ta tsaya a ƙofa, direban da ke tahowa ba ya ganin mai keke sai ya iso kansa. Bara wata motar kaya ta taɓa ƙafar keken Huia, ta faɗi a kwalta. Tun ranar ba ta sake yarda ta tsallaka titi ba.

"Na je ofis neman a ƙaro layin zuwa ƙofarmu, suka ce in cike takarda a intanet. Na gwada sau biyu, ta ƙi tafiya. Sai na ga ina da ragowar fenti a shago."

"Na hana shi," in ji Huia. "Amma yaushe ya taɓa ji?"

Pania ta daɗe tana juya kofin shayin da aka ba ta. In ta kai koke, za a goge layin, wataƙila a hukunta tsohon. In ta biya ta yi shiru, wata rana wani zai gano, kuma ba zai ƙwanƙwasa wannan ƙofa ya ji dalili ba.

"Koro, ba zan yi ƙarya ba, kuma ba zan ɓoye ba. Zan rubuta cewa layin ba na hukuma ba ne. Amma zan rubuta dalilinsa, in nemi a mai da shi na gaskiya. Ka yarda?"

Ya dubi matarsa. "Sa sunana. Ni na yi."

Kwana uku Pania tana rufe shagonta da wuri. Ta zauna a keken Huia ta ɗauki hoto daga nan, don a ga abin da mai keke ke gani idan mota ta tsaya. Maƙwabta goma sha tara suka sa hannu, har da Ngaire mai mita.

Bayan mako shida amsa ta zo. An soke tarar Pania. Koro ya sami takardar gargaɗi mai zafi, ba tara. Ma'aikata suka kankare guntayensa uku, suka zana biyar a madadinsu, yana tsaye a kansu yana cewa fentin nasu ya yi ruwa.

Washegari da safe Huia ta ce kada kowa ya tura ta. Ta gangara bakin titi, ta duba hagu da dama, hanya fayau har ƙarshen kwana. Ta tsallaka ita kaɗai, ta nufi bakin teku.

Darasi: Ko da gaskiya na hannunka, ka tambayi dalili kafin ka kai ƙara. Za ka iya karɓar haƙƙinka ba tare da ka taka wanda ya fi ka rauni ba. Idan labarin nan ya taɓa ka, ka tura wa wani mai saurin yanke hukunci.