Ba-ni-babba da 'Yar Wuƙar Surukinsa

Akwai wani direban babbar mota da abokan aikinsa suka laƙaba wa suna Ba-ni-babba. Ba zaluntarsa suka yi ba, shi ya jawo wa kansa. In ya shiga shagon waya, kafin mai shago ya buɗe baki zai ce, "Ba ni babba." Agogonsa ya rufe wuyan hannunsa ruf. Makullansa kuwa tun daga bakin layi ake jin kacau-kacau ɗinsu, matarsa kan san ya dawo kafin ya yi sallama.

Kada ku ɗauke shi mugu fa. Hannunsa a sake yake, kuma yana riƙe da iyalinsa da kyau. Aibinsa ɗaya ne: duk abin da bai cika ido ba, a wurinsa bai kai a kira shi abu ba.

Yana da wata wuƙa mai naɗewa, wadda in an buɗe ta ta haura taƙi guda. Da ita yake yanke igiyar ɗaurin kaya. Sai dai ta huda masa aljihun wando har biyu, ga nauyi tana rinjayar da riga gefe guda, don haka kullum tana kwance a cikin mota. Amma in ana hira a tasha, sai ka rantse da ita yake kwana.

Surukinsa, mahaifin matarsa, dattijo ne mai lambu a bayan gari, tafiyar awa guda in hanya ta yi kyau. Sana'arsa auren itatuwa. Zai yanko reshen mangwaro ko na lemo mai daɗi, ya tsaga jikin ƙaramin dashe, ya haɗa su ya naɗe da zare. Bayan 'yan makonni sai su zama jiki ɗaya. Shekara arba'in yana wannan aiki, kuma duk manomin da ya sayi dashensa sau ɗaya ba ya sake zuwa wani wuri.

Duk wannan aiki da wata 'yar wuƙa yake yinsa, wadda in an naɗe ta ba ta fi ɗan yatsa ba. Ƙotarta ta katako ta yi baƙi ta yi santsi saboda gumi, kaifinta ya sirance saboda washi. Ba ta barin aljihunsa, ko gidan biki zai je.

Ba-ni-babba ba ya iya faɗin komai a gaban Baba, wato surukin nasa, don akwai kunyar surukuta. Sai an dawo gida matarsa take shan tsiya.

"Wai ke, abin nan da Baba yake fitarwa daga aljihu, wuƙa ce ko abin sakace?"

"Abin sakacen nan shi ya ciyar da mu, shi ya kai ni makaranta, har ka gan ni ka ce kana so," in ji ta.

"Ni dai kunya nake ji. Surukina guda, a ce wannan ce wuƙarsa? Mutane za su ce ba na kula da shi."

"To Allah ya ba ka haƙuri. Shi dai bai kawo maka ƙara ba."

Bai haƙura ba. Da ya dawo daga wata doguwar tafiya sai ya zo da tsaraba, wuƙa irin tasa sak, sabuwa dal a kwalinta. Ya kai lambu, ya durƙusa ya miƙa da hannu biyu. Baba ya buɗe ta, ya gwada kaifin a farcensa, ya jinjina nauyinta, ya sa masa albarka sosai. Sannan ya mayar da ita kwali ya ɗora a kan kanta a cikin bukkar da yake ajiye kayan aiki.

Bayan wata biyu Ba-ni-babba ya leƙa bukkar neman tabarma, sai ya ga kwalin a inda aka ajiye shi, har gizo-gizo ya yi saƙa a kai. Abin ya sosa masa rai ƙwarai. Baba ya lura da fuskarsa, ya kira shi gefe.

"Ɗana, kada ka ga kamar na raina kyautarka. Wuƙa ce mai kyau, kuma tana da ranarta. Amma ni aikina a jikin abu mai rai nake yinsa. Kuma wuƙar da ta yi wa aljihu nauyi, a gida take yini."

"Haka ne, Baba," in ji shi. A ransa kuwa cewa ya yi, tsufa ne kawai da riƙon tsohon abu.

Ana nan sai Allah ya ba su 'ya mace, ta fari. Baba ya ɗauki son duniya ya ɗora mata, ba ya kiranta da komai sai "amaryata." Da ta kai wata biyar, wata safiya suka shirya kai masa ita. Uwar ta yi mata wanka, ta sa mata riga da hula da sabuwar safa mai zare-zare. Babbar mota tana gareji, sai suka ɗauki shatar tasi. An yi ruwa kwana biyu a jere, hanya duk taɓo, da ƙyar mai tasin ya kai su. Ya sauke su ya juya, a kan zai dawo da la'asar.

Tun a hanya yarinyar take kuka. An ba ta nono ta ƙi, an goya ta ta ƙi, an jijjiga ta ta ƙi. Uwar ta ce zafin mota ne, uban ya ce ciwon ciki ne. Da suka zauna a inuwar mangwaro kukan ya canja, ya koma wani irin ƙara mai tsinka zuciya, muryarta har ta fara dishewa.

Baba ya ajiye dashen da ke hannunsa ya saurara.

"Wannan ba kukan rigima ba ne. Wani abu yana cin amaryata. Tuɓe ta duka, 'yata."

Aka cire hula, aka cire riga, ba a ga komai ba. Da uwar ta zare safar ƙafar hagu sai ta yi salati. Ɗan yatsan tsakiya ya kumbura suntum, ya yi ja har ya fara komawa baƙi-baƙi. A gindinsa akwai wani siririn layi da ya nutse cikin fata, kamar an ɗaure bakin buhu.

Baba ya sa tabarau ya duƙa.

"Zaren safa ne ya naɗe shi. Tana motsa ƙafa yana ƙara shaƙewa. Jini ba ya wucewa."

Ba-ni-babba ya kira mai tasi a waya. Mai tasi ya ce yana can ƙarshen gari da fasinja, kuma da wannan taɓon ba zai iso ƙasa da awa ɗaya da rabi ba. Sannan a sake yin wata awa ɗaya da rabi kafin a kai asibiti. Ba-ni-babba ya kalli yatsan, ya san yatsan nan ba zai jira awa uku ba.

Uwar ta gwada da farce, zaren ya riga ya shige ciki, yarinyar ta ƙara tsala ihu. Ba-ni-babba ya laluba aljihunsa. Waya, makullai, shi ke nan. Wuƙar da yake cika baki da ita tana can gareji a cikin mota.

Sai ya tuna da kwalin kan kanta. Ya ruga bukka ya ɗauko, ya yage kwalin, ya buɗe wuƙar ya durƙusa gaban 'yarsa. Da ya kusantar da ita sai hannunsa ya tsaya cak. Tsinin wuƙar kaɗai ya fi yatsan yarinyar kauri. Babu ta inda zai taɓa zaren bai haɗa da yatsan ba. Matarsa ta janye ƙafar ta rungume, tana kallonsa da idanu jajur.

"Ajiye ta, ɗana," in ji Baba a hankali. "Kawo ruwan zafin da ke filas ɗin can, da ashana."

Ya ajiye. Rabonsa da jin ƙanƙanta irin ta wannan lokacin har ya manta.

Baba ya wanke hannunsa da sabulu. Ya fito da 'yar wuƙar, ya wanke ta da ruwan zafi, ya gasa tsininta a wutar ashana, ya jira ta huce. Yana yi yana magana kamar mai koyar da aiki, don hankalinsu ya kwanta.

"Wannan ciwon na san shi. In na ɗaure aure na manta ban kwance ba, reshe yana ƙiba zare yana nutsewa cikin ɓawo, har ya shaƙe shi ya bushe. Kowace safiya sai na zaga ina yanke irinsu. Shekara arba'in ban taɓa ji wa reshe ciwo ba, ba kuwa zan fara a kan amaryata ba. 'Yata, juya fuskarki. Kai kuma riƙe min ƙafar nan, riƙon da kake yi wa sitiyari a kan gada."

Ba-ni-babba ya riƙe. Ƙafar duka ba ta cika tafin hannunsa ba.

Baba ya yi bisimilla. Ya juya wuƙar, bayanta yana kallon fata, kaifinta yana kallon sama. Ya danna kumburin kaɗan da babban yatsa har layin ya buɗe, ya zura tsinin a ƙarƙashin zaren daga gefe. Hannun da ke rawa in ya ɗauki kofin shayi, a nan ko motsi bai yi ba. Ya ɗaga kaɗan. Zaren ya tsinke.

Bai tsaya ba. Ya ce irin wannan ba ya zama zagaye ɗaya. Ya sake dubawa ya sami na biyu a ƙarƙashin na farko, ya yanke, ya jawo shi da farce ya shimfiɗa a tafin hannunsa. Ɗan zare ne fari, wanda in ya faɗi ƙasa ba mai ganinsa.

Suka zuba wa yatsan ido. Can sai baƙin ya fara washewa, ja ya fara dawowa. Kukan ya ragu ya koma ajiyar zuciya, yarinyar ta kama nono. Ɗigon jini ɗaya ne kawai ya fito, shi ma daga inda zaren ya ci.

Ba-ni-babba ya zauna daɓas a ƙasa, hawaye na zuba, bai ko damu ya share ba.

"Duk da haka a kai ta asibiti," in ji Baba yana goge wuƙarsa. "Ni na kwance ɗauri, sauran aikin nasu ne."

Da mai tasi ya iso suka wuce asibiti kai tsaye. Likita ta duba da gilashi, ta wanke wurin, ta ba da magani. Ta ce da an bar zaren har su iso, da wuya a ceci yatsan. Ta kuma ja musu kunne cewa ba kowa ne zai kai kaifi jikin jariri ba, sannan ta tambaya ko wa ya cire zaren.

Ba-ni-babba ya gyara tsayuwa, ya ce, "Surukina ne. Mai auren itatuwa ne, babu kamarsa."

Matarsa ta kalle shi ta gefen ido. "Da abin sakace ya cire, likita."

Ba-ni-babba ya san ya ci bashin wannan maganar tun tuni.

Mako na zagayowa ya je ya ɗauko Baba, ya roƙe shi ya raka shi wurin mai sayar da wuƙaƙe. Suna isa, mai shagon da ya san halinsa ya miƙa hannu zai ɗauko mafi girma. Bakin Ba-ni-babba har ya buɗe don sabo, sai ya rufe shi ya kalli Baba.

Baba bai zaɓar masa irin tasa ba. Ya ce, "Kai igiya kake yanka, tawa ta yi maka kaɗan." Ya ɗauki wata matsakaiciya ya ɗora masa a tafin hannu a naɗe, ba ta wuce faɗin tafin ba. Ya buɗe ta ya gwada da manuninsa, kaifin bai fi tsawon yatsan ba. Ya ce ya riƙe, yatsunsa huɗu suka zauna daidai a kan ƙotar. Sannan ya ce ya sa ta a aljihu, su je su sha shayi.

Suna cikin shan shayi Baba ya tambaye shi, "Ina wuƙarka?"

Ya yi firgigit ya shafa aljihu. "Wallahi na manta tana nan."

"To ita ce taka."

A tasha abokai suka yi ta yi masa dariya, wai Ba-ni-babba ya koma Ba-ni-ƙarama. Ko a jikinsa. Duk wanda ya tanka sai ya zaunar da shi ya ba shi labarin surukinsa tun daga farko, yana faɗa yana buga ƙirji kamar shi ya yi aikin. Babbar wuƙar da ya kai tsaraba kuwa ta sami ranarta, da ita Baba yake sare ganyen ayaba.

Bayan wata takwas yarinyar ta fara tafiya. Ranar da suka kai ta lambu, Baba ya gama ban ruwa ke nan, ƙasa ta yi laushi. Ta sauka daga hannun ubanta ta taka dagwai-dagwai zuwa wurin kakanta, ta bar sawu a baya. Baba ya tsuguna a kan sawun ƙafar hagu yana nunawa da yatsa.

"Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar."

Ya ɗago ya kalli surukinsa, ya yi irin murmushin da yake yi in ya kwance ɗauri ya tarar da sabon toho.

"Ɗana, wannan dashen ma ya kama."

Darasi: Abin da ya dace da aikinka, kuma yake tare da kai a lokacin buƙata, ya fi wanda ya cika ido amma yana ajiye a wani wuri. Kada ka raina kayan aikin mutum don ƙanƙantarsa, ba ka san shekarun da hannunsa ya yi a kai ba. Iyaye kuma, in jariri ya ƙi yin shiru, ku duba yatsunsa, in kun ga zare ya shige fata ku nemi asibiti da gaggawa. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai wani Ba-ni-babba a cikinsu.