Ragon Sunan Ajuji

Ajuji mai gawayi ya tsufa da sunan da uwarsa ta laƙaba masa. Bayan ta binne yayyensa duka, sai ta ajiye shi a juji don mutuwa ta raina shi. Rannan Hakimi ya sa aka kira shi.

"Sunanka na zubar da mutuncin garin nan," in ji Hakimi. "Ko ka sake shi yau, ko ka bar ƙasata."

Ajuji ya san in ya yar da sunan, mutuwa za ta gane shi.

"Ranka ya daɗe, ni da mutuwa ma ta gani ta toshe hanci, wane ni da musu? Sai dai mutum ba ya zaɓa wa kansa suna, aikin uba ne, nawa kuwa ya rasu."

"Na zaɓa maka. Daga yau kai ne Shamsuddini."

"Na gode, Baba. Yaushe za a yanka ragon? Kuma wane ɗaki ne nawa, tunda ni ne babba?"

'Ya'yan Hakimi suka dubi juna, suka dubi ubansu.

Hakimi ya gyara zaman rawaninsa, ya ce, "Tashi ka tafi, Ajuji."