Kabewar Tabawa Ta Yi Ƙaura

Dalilin da ya sa kabewa ba ta ajiye 'ya'yanta a gidan da aka shuka ta, ku matso ku ji, yara. Ni kam duk sanda na tuna sai raina ya ɓaci.

A da can, kabewa a tsaye take ƙyam kamar kuɓewa. Wata bazara, wata mata mai suna Tabawa ta tashi yin lambu a bayan ɗakinta. Ta yi wa tumatir fangali, ta yi wa alayyafo da tattasai nasu, ta zuba musu takin awaki, safe da yamma tana ba su ruwan rijiya. Kabewa kuwa, sai ta cusa ƙwayarta a bakin kwata, inda ruwan wanke-wanke yake bi.

Haka Kabewa ta tashi tana shan ruwan sabulu da toka. Duk ɗan da ta ɗauka sai ya ruɓe tun bai kai ƙwan kaza ba, har ya rage saura guda tal, shi ma ya fara yaushi.

"Uwar ɗakina," in ji Kabewa, "don Allah ko ragowar guga ki zuba mini. Ɗan nan zai mutu."

"Ji min rainin wayo!" in ji Tabawa. "Ke da irinki ke fitowa a juji? Ruwan rijiya ba naki ba ne." Ta kuma sheƙa mata ruwan wankin tukunya. Haba jama'a! Abin da ka shuka da hannunka?

Kabewa ta cika ta yi fam. Ta bayan danga tana jin maƙwabciya, Inna Lantana, tana alwala, ruwa mai tsabta yana zuba ƙasa. Sai Kabewa ta rungume ɗanta, ta kwanta rub da ciki har bayanta ya yi ƙas, ta ja jiki ta kutsa ta cikin danga.

"Ikon Allah, baƙuwa da goyo!" in ji Inna Lantana. "Sannu, sannu." Tun daga ranar, ragowar ruwan butarta na Kabewa ne.

Ɗa ya girma har ya kai tulu. Tabawa ta leƙo ta gani, ta zagayo tana huci.

"Inna, kabewata na zo ɗauka."

"To, 'yar nan, ga ta nan, in za ta bi ki."

Tabawa ta koma gida ta kama gindin ta ja. Kabewa ta fito da 'yan zaruruwa ta nannaɗe kowane kara na dangar. Tabawa ta ƙara ja da ƙarfin tsiya, sai danga ta rufto a kan tumatir da alayyafo da tattasai, ta murƙushe su. Abin da ya rage, awakin Inna Lantana suka shigo suka ƙarasa.

Shi ya sa har yau ɗin nan kabewa ba ta sake miƙewa ba. Gindinta a gidanku, 'ya'yanta a maƙwabta, tana riƙe da danga gam kada a jawo ta. Ni dai ban ga laifinta ba.